Ƙofar da Rakiyatu Ta Tare

Akwai wata mata a Moshi Zongo, sunanta Rakiyatu. Mijinta Issahaku tela ne, mai son jama'a. Da ciwon daji ya kama shi, aka fara yi masa ƙarin ruwan magani a asibiti duk bayan sati uku.

Ranar farko wata nas ta ja Rakiyatu gefe.

"Antie, a cikin jini akwai fararen ƙwayoyi masu gadin jiki. Su ke gane cuta in ta shigo, su kashe ta, su kuma riƙe kamanninta don gaba. Wannan magani yana kashe dajin, amma har su yake kwantarwa. Murar da za ki yi kwana uku ki warke, shi tana iya kai shi kabari. Kada ki bari a cika masa ɗaki."

A zongo kuwa, dubiya ba a bakin ƙofa ake yin ta ba. Shiga ake yi, a zauna a gefen katifa, a riƙe hannun mara lafiya.

Ranar Juma'a yayarsa, Hajiya Afra, ta sauko daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da mata biyar daga Nyohini. Jikarta na goye a bayanta, jikin yarinyar da ɗan zafi.

Rakiyatu ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta miƙe ta tsaya a ƙofar ɗakin.

"Yaya, ku yi haƙuri. Ku gaishe shi ta taga."

"Ta taga? Fursuna ne? Ke Rakiya, wannan da kike gani ni na goye shi!"

"Na sani, Yaya. Jikinsa ne ba mai gadi yanzu."

"To madam dokta, mun ji."

Suka juya da kwanon tuwonsu.

Magana ta zaga unguwa. Tabarmar da Rakiyatu ke shimfiɗa wa baƙi a tsakar gida ta zama tana naɗe ta kamar yadda ta shimfiɗa, ba wanda ya zauna a kai. Aka yi suna a maƙwabta, ba a aiko mata ba. A bakin famfo, in ta iso hira ta mutu.

Wanda ya fi mata ciwo shi ne Issahaku.

"Yau ma ba wanda ya zo?"

"Babu, Maigida."

Sai ya juya fuskarsa bango. Sau biyu ta ɗauki waya za ta ce wa Yaya ta zo ta shiga kawai. Sau biyu ta ajiye.

Abin da ba ta sani ba, kwana biyu bayan waccan Juma'ar ƙarambau ta feso wa jikar. Yarinyar ta warke cikin sati, kowa ya manta. Sai ranar da Hajiya Afra ta kai jikar awo ta ba wata nas labarin, har da ƙorafin matar ƙaninta.

Nas ta ajiye biro.

"Hajiya, kafin ƙuraje su fito ake ɗauka. Jikarki jikinta ya yi yaƙinsa ya ci. Shi ƙaninki da me zai yi? Ki gode wa wannan mata."

Washegari da hantsi Rakiyatu ta ji motsi a bayan ɗaki. Hajiya Afra ce zaune ƙarƙashin taga, a kan kujerar da ta taho da ita daga gida.

"Issahaku, kana ji na? Na zo dubiya irin ta fursuna."

Daga ciki aka ji dariyarsa, ta farko cikin wata guda.

Can wasu abokansa uku suka yi sallama, suka nufi ƙofa. Kafin Rakiyatu ta tashi, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Ina za ku? Ku zagayo nan. Rakiya, zauna ki sha kokonki, yau ni ce a bakin aiki."

Darasi: In aka hana ka shiga wurin mara lafiya, kada ka yi fushi ka ɗauke ƙafa. Wataƙila garkuwar jikinsa ce ta yi rauni. Ka gaishe shi daga nesa, ka kuma tambayi mai jinyar yadda take. Ku tura wa 'yan'uwa, domin a wani gida yau akwai mai tsaye a ƙofa ita kaɗai.