Zanen Akushin Fada da Ba Ya Karantuwa

Dalilin da ya sa zanen bakin akushin fada yake kama da rubutu amma ba ya karantuwa, shi zan gaya muku, tunda na ga kun ƙura wa nawa ido kuna haɗa baƙi. Ku huta, jikokina. Waɗanda suka fi ku karatu sun gwada sun bari.

A da can akushin fada baƙi ne wuluk, ba zane ko ɗaya. Ran Sallah a cika shi da tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na kwance a kai, ƙamshi har ƙofar gari. Kai, an yi girki a lokacin! In sarki ya ci ya ɗauke hannu, sai a fita da akushin zuwa gidan wanda fada ke girmamawa, ya ci albarka.

A garinmu gidan Ladingo ake kai shi. Ita ce ta girka wa uban sarki da kakansa, har tsufa ya cinye mata ido ta koma ɗakinta a bayan fada. Wadda ta gaje ta a murhu, Tasalla, a hannunta ta koyi riƙon muciya. Duk Sallah Tasalla ke ɗaukar akushin da kanta. Tsohuwa ta shafa bakinsa, ta ɗanɗana, ta ce, "Daddawa ta yi yawa." Ba ta taɓa yabawa ba, amma da wannan akushin take sanin ba a manta da ita ba.

Wata shekara sarki ya kira Malam Jatau, mai zayyanar alluna da ƙawata bangon soro, ya ce a yi wa akushi ado. Malam ya zauna da wuƙarsa ya zana bisimilla ta zagaye bakin akushin, kyakkyawa, har mutane na zuwa kallo. Sai da aka zuba tuwo aka tuna: abin da ke ɗauke da sunan Allah ba a ajiye shi a ƙasa, ba a tsallake shi. Sarki ya ce to, akushi ba ya fita, a juye wa Ladingo nata a ƙwarya.

Da Tasalla ta kai mata, tsohuwa ta miƙa hannu ta shafa, ta ji ƙwarya. Sai ta janye hannunta.

"Tasalla, na yi wa fada laifi ne?"

"Wallahi Inna ba ki yi ba. Rubutu aka yi wa akushin."

"Mayar musu. Na ƙoshi."

Ba ta ƙoshi ba, zuciya ce. Tasalla ta komo tana kuka, ta zube gaban sarki ta ce, "Ranka ya daɗe, ba tuwon take jira ba." Sarki ya yarda a kai, bisa sharaɗin kada akushi ya taɓa ƙasa, ya kuma haɗa ta da Malam Jatau ya zama shaida.

To, ɗakin Ladingo ba kujera ba gado, tabarma ce kawai. Tasalla ta durƙusa ta ɗora akushin a cinyarta, ga miya da aka sake ɗumamawa, zafi na ratsa zanen jikinta.

"Ajiye mana, ke 'yar nan," in ji tsohuwa.

"Ci dai, Inna, haka ya fi mini."

Kun san cin tsohuwar da ba haƙora. Tana loma tana labarin sarakunan da suka shuɗe, Tasalla na gumi. Malam yana bakin ƙofa yana kallo, abin ya dame shi ƙwarai. Ya ce a ransa, bisimillar ci a baki ake yin ta, ni na ɗora ta inda ta zame wa mata kaya.

Da suka koma ya roƙi sarki a rataye wannan akushin can sama a soro, inda ya dace da shi, a ba shi sabo. Sai dai hannun da ya saba da rubutu ba ya jin magana. Ya ja layi, layin ya miƙe zai zama alif, sai ya lanƙwasa shi. Wani ya dunƙule zai zama mim, sai ya zarce da jelarsa ya sarƙe da na gaba. Haka ya zagaye bakin akushin, duk ya yi kamar zai yi magana ya fasa.

Da Babbar Sallah, Malam na biye da ita, Tasalla ta dire sabon akushi a kan tabarma, dir! Ladingo ta bi zanen da yatsa.

"Malam, wannan kuma me ya ce?"

"Cewa ya yi, a sauke ni a ci."

Tsohuwa ta yi dariya, ta yi bisimilla, ta kai loma. Ta daɗe tana juya ta a baki, sannan ta ce, "Tasalla, yau kam daddawa ta yi daidai." Wannan ce Sallarta ta ƙarshe.

Shi ya sa har yau rubutu yana can sama a bangon soro, akushi kuwa nasa zanen ba ya karantuwa, don a iya dire shi gaban duk wanda ke zaune a ƙasa. Ku sauko da nawa, tuwo na hucewa.