Saƙon da Ya Ƙi Fita daga Laftof ɗin Gwaggo

Akwai wani mai gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a ƙasan bene, wanda maƙwabtansa suka laƙaba wa suna Nan-take. Aiki kam ya iya. Sai dai maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a goge komai, a zuba sabo. Kana cikin yi masa bayani, shi har ya kai hannu ga filas ɗinsa, 'yar na'urar da yake ajiye manhajoji a ciki.

Wata Talata da hantsi gwaggonsa ta shigo da laftof naɗe cikin tawul. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta yi ritaya amma idonta bai yi ba.

"Ɗana, duba min wannan. Da na buɗe imel sai fankarta ta hau kuka, ta yi zafi, komai ya tsaya cak."

Nan-take ya kunna, ya buɗe shafin da ke nuna abin da kowace manhaja take ci na ƙarfin kwamfuta. Manhajar imel kaɗai ta kwashe kashi casa'in cikin ɗari.

"Ga ɓarauniyar nan, Gwaggo. Goge komai zan yi. Minti ashirin kin tafi gida."

"To saƙonnin ciki fa? Akwai na yayanka."

Ɗanta na fari take nufi. Shi ya koya wa Nan-take riƙe sukurdireba, kuma shi ya saya mata laftof ɗin lokacin da aiki ya kai shi nesa. Bara ya rasu. Shekara bakwai yana rubuto mata saƙo duk mako, kuma abin da take karantawa ke nan in kewa ta taso.

"Suna intanet, Gwaggo. Da kansu za su dawo."

Ta sauke tabarau zuwa karan hanci, ta yi masa irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya ɗaga hannu bai san amsa ba.

"Ka duba ne, ko kana zato?"

Tambayar ta ba shi haushi, ga mutum biyu a benci suna jira suna ji. Don dai ya rufe mata baki, ya shiga akwatin imel ɗinta ta kwamfutarsa.

Wayam. Ko saƙo ɗaya na marigayi babu.

Ashe tun farko Yaya ya saita manhajar ta riƙa sauke saƙonni cikin laftof ɗin tana share su daga intanet, don Gwaggo ta iya karantawa ko babu data. Duk duniya a wannan tsohuwar na'ura kaɗai suke. Nan-take ya gane saura ƙiris ya goge su. Tsoro ya kama shi, ya janye hannunsa daga madannai.

Ya ba masu jira haƙuri. Ya fara kwafe saƙonnin cikin filas, ya buɗe kwafin ya tabbatar sun shiga. Sannan ya shiga bin matsalar ɗaya bayan ɗaya. Ya kashe ƙananan manhajojin da aka liƙa wa imel ɗin, fanka ba ta daina ba. Ya nemi bairos, wato cutar kwamfuta, bai samu ba. Awa guda ta wuce, sai ya yi abin da ya kamata ya fara da shi.

"Gwaggo, yaushe ta soma haka?"

"Wata huɗu ke nan. Ranar da 'yar yayanka ta fara tafiya."

Ya buɗe wurin da saƙonni masu jiran fita suke zama. Guda ɗaya ne a ciki, an liƙa masa bidiyon da ya fi ƙarfin imel. Manhajar ta tura, a dawo mata da shi, ta sake turawa, haka take fama duk minti tsawon wata huɗu. Ya duba wanda aka aika wa. Adireshin marigayi ne.

Gwaggo ta kawar da kai tana kallon ƙofa.

"Na san ba zai gani ba. Hankalina ɗaya. Yarinyar ce ta saki kujera ta taka, na rasa wa zan nuna wa."

Nan-take ya ɗauke saƙon daga layin fita, ya adana mata shi tare da na Yaya. Kashi casa'in ya sauko zuwa uku, fanka ta yi shiru.

Kafin ta naɗe laftof ɗin, Gwaggo ta nemo wani tsohon saƙo, ta juyo masa fuskar na'urar.

"Karanta layin ƙarshe. Shi ya sa ban kai ta ko'ina ba."

Marigayi ya rubuta: "Umma, in ta ba ki matsala ki kai wa ƙanena. Kada ki ba kowa. Shi yana sauraron mutum kafin ya taɓa masa kaya."

Nan-take ya karanta sau biyu. Kunya ta rufe shi, hawaye suka cika masa ido. Yaron da Yaya ya sani ke nan, kuma shi kansa bai san ranar da ya daina zama wannan yaron ba.

Da Gwaggo ta fita, mutum na gaba ya ajiye kwamfutarsa a teburi. Nan-take ya jawo masa kujera.

"Zauna, Malam. Faɗa min daga farko."

Darasi: Ƙwarewa ba ta hana tambaya. Kafin ka goge, ka yanke ko ka zubar da abin wani, ka saurare shi, ka duba da idonka, domin ba ka san abin da ya ajiye a ciki ba. Ku tura wa wani mai sana'a da kuka sani, wataƙila wannan labari ya tsayar da hannunsa wata rana.