Ƙofar da Baba Ya Ƙi Canja wa Makulli

Akwai wata yarinya da ake ce wa Yanzu-yanzu, don tun tana ƙarama ba ta san jira ba. Ku karanta har ƙarshe don Allah, kar ku yi irin halinta.

Babanta mai yanka makulli ne. Yana da ɗan shago a bakin titi, da inji ɗaya mai ƙara kamar zai fasa kunne. Duk wanda ya yi faɗa da matarsa ko ɗansa ko ɗan haya, wurinsa yake zuwa: "Zo ka canja mini makullin ƙofa, kar ya sake shigo mini gida." Tun tana 'yar mitsitsiya take jin wannan maganar a shagon.

Da ta gama sakandare sai kanta ya kumbura. Wata rana a gaban masu jiran aiki ta ce masa ta gaji da zama 'yar mutumin da kullum warin ƙarfe yake, kuma ba ta so ƙawayenta su san shi ne ubanta. Mamarta ta daɗe da rasuwa, ba wanda zai tare ta. Ta kwashi kayanta ta bar garin, ta shiga aikin gyaran gashi. Shekara uku, ko waya ba ta buga ba.

Sai ga aikin ofis ya fito, irin wanda ta daɗe tana nema. Aka ce ta kawo takardar makarantarta ta asali kafin ƙarfe biyu na rana. Takarda kuwa tana ɗakinta na da, a gidan Baba.

Ta shigo motar safe. Ta riga ta gama lissafi: mutumin da sana'arsa ke nan, ai tun ranar da ta fita ya canja makulli. Ta san ƙarfe goma yana shago. Za ta buɗe da dabarar da ya koya mata, ta ɗauki takarda, ta ɓace.

Ta iso layin, ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta tsuguna a bakin ƙofa, ta zare fil daga gashinta ta cusa a ramin makulli. Ta murɗa, shiru. Ta duba agogo. Ta sake murɗawa da ƙarfi. Ƙas! Fil ya karye a ciki.

"Ɓarauniya! Da rana tsaka!"

Kafin ta juyo tsintsiya ta sauka a bayanta. Gwaggo ce, yayar Baba, wadda gidanta ke manne da nasu. Ta ɗaga tsintsiya za ta ƙara, sai ta tsaya da baki buɗe.

"Yanzu-yanzu? Ke ce? Yau na ga abin mamaki."

"Gwaggo, don Allah rage murya. Takarda kawai na zo ɗauka."

"In rage murya? Shekara uku ina tara ta!"

Gwaggo ta damƙe mata hannu, da ɗayan hannun ta latsa waya ta kira Baba. "Bar abin da kake yi ka zo gida. Kar ka tambaye ni, ka zo kawai."

Yanzu-yanzu ta ja, ta murɗe, ina! Hannun Gwaggo kamar ƙarfe.

"Sake ni, Gwaggo. Ba zai so ganina ba. Ai ga shi ya canja makulli."

"Wa ya canja? Buɗe idonki ki duba da kyau, uwar 'yan sauri."

Ta duba. Tsohon makullin ne. Ga tsatsar da ta sani, ga karcen da ta yi da ƙusa tana yarinya.

"Ya lalace tun bara waccan," in ji Gwaggo. "Sai an ɗaga ƙofa, an murɗa, an tokara da ƙafa. Duk layin nan dariya ake masa, wai yana gyara na duniya nasa ya gagare shi. Ranar nan har makara muka yi a coci yana kokawa da ita. Na yi faɗa har na gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: yarinyar nan da ɗan makullinta ta tafi, ba zai so ta zo ta sa ya ƙi buɗewa ba."

Akwai abin da Yanzu-yanzu ta sani wanda Gwaggo ba ta sani ba.

Ba a jima ba sai ga Baba a kan kekensa, yana haki, jakar kayan aiki na lilo a baya. Furfura ta ƙaru. Ya sauka ya tsaya yana kallonta. Ita kuwa ƙasa take kallo, tana murza yatsu.

"Takardata na zo ɗauka," ta ce da sauri. "Ƙarfe biyu ake nema. Ba zan daɗe ba."

Ya durƙusa ya leƙa ramin makulli, ya girgiza kai.

"Fil ɗaya kika sa? Biyu ake sawa, ɗaya ya riƙe ɗaya ya tura. Haka na koya miki?"

"Sauri nake, Baba."

"Na sani. Da shi aka haife ki." Ya ɗago. "To ina ɗan makullinki?"

Ta so ta ce ya ɓace. Ƙaryar har ta zo bakinta, ta kasa fita.

"Na jefar."

"Yaushe?"

"Ranar da na tafi. A kwatar ƙarshen layi."

Gwaggo ta saki tsintsiya ta dafe kai. "Ka ji ko? Ka ji da kunnenka? Shekara biyu kana shurin ƙofa saboda makullin da ke kwance a kwata! Har farcenka ya fita!"

Baba ya zuba wa tsohon makullin ido. Yanzu-yanzu ta ce a ranta shi ke nan, ko da da sauran wuri a da, yanzu ta toshe shi da bakinta.

Sai ya sauke ajiyar zuciya. "To ashe yau ƙafata za ta huta."

Ya buɗe jaka ya fito da guduma. Bugu uku, tsohon makulli ya faɗi ƙasa. Ya ciro sabo fil a kwalinsa, ya ɗaura, ya gwada, ƙofa ta buɗe ba ko ƙara. 'Ya'yan makulli uku ne a zobe. Ya zare na farko ya miƙa mata.

Ta ɓoye hannu a baya. "Baba, ban cancanta ba. Ko haƙuri ban ba ka ba tukuna."

"Shekararki bakwai na yanka miki na farko. Me kika yi a lokacin da kika cancanta? Ko hancinki ba ki iya sharewa ba." Ya kamo hannunta ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai. "Ba lada ba ne. 'Yar gida ce ke. Ni ma sau nawa na juya wa Ubanmu na sama baya, ban taɓa dawowa na tarar ya rufe ni a waje ba. A wurinsa na koya."

Nan kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa tana cewa ya yafe mata, maganar na fita guntu-guntu.

"Na yafe tun ba ki kai ƙarshen layi ba. Tashi. Takardarki na cikin akwatin mamarki, na sa mata leda. Ɗauko ki gudu, yau kam saurinki na da amfani. In kin gama ki dawo, za a ajiye miki abinci."

Gwaggo ta tsuke baki tana share ido da gefen zane. "Kai dai ba ka jin magana. In ta sake jefarwa fa?"

Baba ya tattara kayan aikinsa ya rataya jaka.

"Yaya, ni fa nake da injin."

Darasi: Allah Uba ne, ba mai gidan haya ba. Bai karɓe mu don mun cancanta ba, alherinsa ne kawai, wanda ya ba mu kyauta ta wurin Yesu Almasihu tun ba mu iya ba da haƙuri ba. Ko ka jefar da abin da ya ba ka da hannunka, kar ka tsaya a waje kana lissafin laifinka, ka dawo gida. Ku tura wannan labarin yau ɗin nan, ba gobe ba, wataƙila akwai wanda kunya ce kaɗai ta hana shi komawa.