Mutumin Da Ya Zauna Gadin Kifi

Ina shanyar gero a tsakar gida a Miga sai Malam Jaji direba ya yi sallama. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya ce, "Hajiya, sai dai haƙuri." Tun daga ranar nake son in ba ku labarin nan.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Limawa cikin Dutse. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ƙanina ne, ni na goye shi.

Da ya dawo daga aiki a Legas, ya zo da akwatin gilashi da wani ɗan kifin teku, bai fi yatsa ba. Kifin ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, gishirin ma na musamman. Aikinsa ke nan ya cika baki da yashi, ya tace abincinsa, ya zubar da sauran ta gefen kai. Akwai ɗan inji mai juya ruwan, in ya daɗe a tsaye kifin ya mutu. Da an ɗauke wuta sai janareta.

Kiwon kifi ba zunubi ba ne. Amma mutumin nan ya daina zuwa suna, ya daina zuwa jana'iza. Ya hana 'ya'yan 'yan uwa shiga ɗakinsa kada su taɓa gilashin. Maƙwabta in sun ƙwanƙwasa ba ya buɗewa, har suka gaji suka bari.

Innarmu ta kwanta ciwo, tana ta kiran sunansa. Na buga masa waya.

Ya ce, "Yaya, ki ce mata ina nan tafe. Wuta ce babu, in na fita wa zai tada janareta?"

Na ce, "Kifin ne ya haife ka?"

Ya yi dariya. Inna ta rasu tana kallon ƙofa.

Da damina ta zo, ya ji tsoron kada ruwan sama ya kashe masa janareta, sai ya shigar da shi ɗaki, ya rufe tagogi. Hayaƙin ya kwantar da shi a gaban akwatin, bai tashi ba.

Wa zai neme shi? Wa ya saba ganinsa a masallaci balle ya ce yau bai zo ba? Sai da wari ya kai layi aka ɓalle ƙofar. Saƙon rasuwarsa ne Malam Jaji ya kawo mini ranar.

Ya 'yan uwa, wanda ya yanke zumunci kansa ya yanke. Duk abin da ya hana ka amsa kiran mahaifiyarka, komai ƙanƙantarsa, ya fi ƙarfinka. Allah ya gafarta masa, mu kuma ya tsare mu da irin wannan ƙarshe.

A layinmu akwai Inna Hauwa'u, tsohuwa ce, ita kaɗai take zaune. Kullum da safe ina zuwa in buga ƙofarta. Wani lokaci ta ce na dame ta. Ba na tafiya sai na ji muryarta.