Notin Da Ya Ƙi Kwancewa

Akwai wani matashi mai gyaran wayar hannu da 'yan gidansu suke kira Na-Iya. Ba shi ne sunansa na yanka ba, bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana ƙarami, in aka fara nuna masa abu, kafin a kai ƙarshe zai fizge ya ce, "Bari, na iya." Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Yana da son ganin cikin kowane abu. Rediyo, agogon bango, fitila, babu wanda bai farke ba a gidan. Matsalarsa guda ce: ba ya tambayar mutane. A ganinsa, wanda ya yi tambaya ya faɗi ƙasa.

Mahaifinsa direban babbar mota ne. Da Allah ya yi masa rasuwa, bai bar gona ba, bai bar shago ba. Abin da ya bari ita ce wata tsohuwar mota shuɗiya da yake ɗaukar yashi da bulo a cikinta. A gidan ana kiranta Tsohuwa. Kujerar direba ta lotsa daidai zaman marigayin, kuma har lokacin hularsa tana rataye a jikin madubi.

Bayan an kwana biyu, aka zauna a tsakar gida a kan maganar motar. Yayarsa da mijinta suka ce a sayar.

"Wa zai tuƙa ta?" in ji yayar. "Ajiye ta za mu yi tana tsatsa muna kallo?"

"Ni zan tuƙa," in ji Na-Iya. "Ai ina da lasisi."

"Mota fa ba waya ba ce, Na-Iya. Ba a kashe ta a sake kunnawa ta warke."

Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, ta kalli motar ta ƙofar gida, ta ce, "A bar wa Auta ya gwada. In ta riƙe mu kamar yadda ta saba, ta zauna. In ya zama mu ne muke riƙe ta, a sayar. Ni dai ina son in riƙa jin kukanta da safe."

Aka tashi a kan haka. Ba a jima ba wani mai sayar da bulo, wanda ya saba aiki da marigayin, ya ce Na-Iya ya zo ya kai masa kaya wurin gini. Wannan ne aikinsa na farko da motar. Sai ya tuna Baba ba ya wasa da juyen baƙin mai, ga shi motar ta daɗe a tsaye. Ya sayo sabon mai, ya ce shi zai canza da hannunsa.

"Ka kai ta wurin Kawu mana," in ji yayarsa. Kawu bakanike ne, aminin mahaifinsu, garejinsa ba nisa.

"Saboda juyen mai? Haba Yaya! Tun ina yaro nake ganin Baba yana yi."

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Abin da ya saba gani ƙafafun Baba ne kawai, a miƙe daga ƙarƙashin mota, da hannu da yake leƙowa ya karɓi sufana. Abin da hannun yake taɓawa a ciki, bai taɓa gani ba.

Da hantsi ya shimfiɗa kwali, ya jawo tsohon daron da Baba yake tarar mai, ya kwanta rigingine ya shige. Sai ya ji kamar ya shiga wani gari da bai taɓa zuwa ba. Ga ƙarafa sun ratsa juna, ga bututu sun bi nan sun ɓulle can, ga wayoyi an ɗaure da tsumma, ɗaurin da ya gane na hannun Baba ne. Ya daɗe yana kallo baki buɗe, yana bin kowane bututu da yatsa don ya ga inda ya nufa. Can ya hango wata tukunyar ƙarfe da babban noti a gindinta. Ya ce a ransa, "Ga ka nan."

Notin ya sha ƙasa, datti ya daskare a kansa. Ya kankare da wuƙa, ya sa sufana, ya ja. Ko motsi. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi mamaki, yaya notin da ake kwancewa a kai a kai zai yi wannan taurin kai? Sai ya ba kansa amsa: Baba ƙarfi gare shi, shi ya ɗaure shi haka. Ya fito ya samo guntun bututun ƙarfe, ya zura wa sufanar, ya taka da ƙafa. Notin ya yi ƙara ya saki.

Man da ya zubo ya ƙara ba shi mamaki. Ya zaci zai ga baƙi ƙirin yana tsiyaya kamar ruwa. Sai ya ga wani abu mai kauri yana saukowa a hankali, launinsa kamar zuma. Ya tara yatsa, ya murza, ya fito ya ɗaga shi a rana yana dubawa. Kuma bai kai rabin daro ba ya tsaya.

"Ikon Allah," ya ce. "Dubi yadda Baba yake kula da mota. Tsohon mai ma kamar sabo."

Inna ta fito da tsintsiya za ta share ƙofar gida. Ta yi taku biyu ta tsaya, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Auta, me ya mutu a nan?"

"Babu abin da ya mutu, Inna. Tsohon mai ne."

Ta matso ta leƙa daron. "Wannan wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai? Ni fa na wanke rigunan babanka har hannuna ya tsufa. Ranar juyen mai, ƙauri rigarsa take yi, kamar an babbaka abu, kuma baƙin ba ya fita sai na jiƙa. Wannan ba shi ba ne."

"Ai don motar ta daɗe a tsaye ne, shi ya sa ya canza."

"To. Ni ban san mota ba, hanci kawai gare ni. Da ka ɗiba a kwalba ka nuna wa Kawunka, ai ba zai cije ka ba."

"Inna, ki bari kawai. Na iya."

Ta dube shi, ta ci gaba da shararta.

Ya mayar da notin ya ɗaure. Ya hau sama ya buɗe murfin injin, ya sa mazurari, ya juye sabon man duka. Da ya zaro sandar gwajin mai, ya ga man ya wuce alamar cika, ya hau can sama. Ya goge ya sake tsomawa, haka dai. Ya tsaya yana sosa ƙeya. Wannan ma ya samo masa dalili: man bai gama sauka ba ne, in mota ta yi zafi zai daidaita.

Ya murza makulli, Tsohuwa ta tashi. Inna ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya tana saurare, idonta ya cika da ƙwalla. Na-Iya ya danna mata oda, ya ja ya tafi.

Har wurin mai bulo lafiya lau. Aka yi lodi, ya kama hanya. Daga nan ya fara jin wani siririn kuka daga ƙarƙashin kujerarsa, kamar sauro a kunne. Ya karkata kai yana saurare, yana son ya gane daga ina yake fitowa. Kukan ya ƙaru. Sandar giya ta yi zafi a tafinsa. Masu babur suka riƙa wuce shi suna nuna bayansa, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Direba, shara kake ƙonawa?" Ya duba madubi, ya ga hayaƙi ya rufe hanya. Ya ce bari dai ya ƙarasa, wurin ginin ya kusa. A kan wani ɗan hawa ya nemi canza giya, sai ya ji ƙarar ƙarfe yana cin ƙarfe. Motar ta yi tsalle ta tsaya cak.

Dole ya kira Kawu. Dattijon ya zo a kan babur, ya zagaya motar. Ya zaro sandar gwaji ya duba, ya ga mai yana ɗiga ta ko'ina a jikin injin.

"Ɗana, wa ya yi maka juyen mai?"

"Ni na yi, Kawu."

"Madalla. Wanda ka zubar, wane launi ne?"

"Kamar zuma."

"Yana wari?"

Na-Iya ya sunkuyar da kai. "Inna ta ce kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

"Innarka ta faɗa maka, ka ci gaba?" Kawu ya girgiza kai. "Zo, shigo ka gani."

Suka kwanta gefe da gefe a ƙarƙashin motar. Kawu ya nuna notin da Na-Iya ya kwance. "Wannan giyabos ne. Man giya ka zubar, ka bar haƙoran ƙarfe suna cin juna a bushe, ga lodin bulo a kai. Injin kuma ba ka taɓa tsohon mansa ba, ka ƙara masa sabo a kai har ya rasa inda zai sa shi. Ɗaya ka kashe shi da ƙishi, ɗaya ka shaƙe shi."

Sai ya kama hannun Na-Iya ya kai shi gaba kaɗan, tazarar da ba ta wuce kamu ɗaya ba. A nan akwai wani noti, fes da shi, gefunansa sun yi santsi suna sheƙi.

"Taɓa ka ji. Hannun babanka ne ya cinye shi haka."

Na-Iya ya taɓa. Ya daɗe yatsansa yana kai.

Aka kira janwe ta ja Tsohuwa zuwa gareji. Da aka buɗe, giyabos ya tashi daga aiki, injin ma ya ji jiki. Gyaran ya fi ƙarfin gidan. Maganar Inna ita aka bi, aka sayar wa masu kayan gyara. Yayarsa, da ya zaci za ta yi masa gori, ba ta yi ba, sai hular Baba da ta ciro daga jikin madubi ta miƙa masa. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Washegari da safe ƙofar gidan ta yi faɗi. Babu abin da ya rage sai tabon mai a ƙasa. Na-Iya ya tarar da Inna zaune tana kallon wurin. Ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, ƙaurin nan da kika ce, yaya yake?"

Ita ce tambayar farko da ta ji daga bakinsa tun yana yaro. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta buɗe akwatinta, ta fito da wata rigar aiki a ninke. Ita ce ta ƙarshe da Baba ya sa, ba ta iya wanke ta ba. Ta miƙa masa. Ya kai hancinsa, ya ji ƙaurin ƙonannen mai, wanda ko kusa bai yi kama da na cikin daron ba. Amsar tana cikin gidan tun ranar, a akwatin mahaifiyarsa. Ya kifa fuskarsa a rigar ya yi kuka.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, son sanin abu baiwa ce, amma in girman kai ya hau kanta sai ta zama ɓarna. Noti ya yi wa Na-Iya magana, launin mai ya yi masa, mahaifiyarsa ta yi masa, duk ya ba kansa amsar da ransa yake so. Ganin ana yin aiki daban, iya shi daban. In kana cikin aiki ka ga abin da ba ka zata ba, ka dakata, ka je ka tambayi wanda ya sani, kuma kada ka raina wanda ya ce maka wani abu bai yi daidai ba. Kunyar tambaya ba ta daɗewa. Duk wanda ya taɓa rasa nasa kuwa ya san cewa abin da mamaci ya bari, in ya salwanta, ba a samun irinsa a kasuwa.