Balan-Balan Ɗin Da Suka Ƙi Tashi

A wata makarantar sakandare an yi wani malami, shugaban sashen kimiyya, da ɗalibai ke kira Malam Ba-Gyara. Ya san aikinsa, amma ya tsani a ce masa ya yi kuskure. Ko alli ne ya karye a hannunsa, sai ya ce allin ne bai da tarbiyya.

Ana saura kwana biyu taron raba kyaututtuka, aka tsinci wata tukunyar gas a ɗakin gwaji, rubutun jikinta ya goge. Shugabar makaranta ta tambaye shi ko irin iskar da ke ɗaga balan-balan ce.

"Ranki ya daɗe, minti goma ya ishe ni," in ji shi.

Ya cika kwalba mai cin lita ɗaya da iskar, ya auna, ya samu giram ɗaya da ɗigo takwas. Matsinta daidai da na iskar ɗaki, zafi kuma digiri ashirin da bakwai. Ya ninka nauyi da zafi da lambar dokar gas, ya raba da matsi da girman kwalba. Amsa ta fito huɗu: nauyin mol ke nan, lambar da ake gane irin iska da ita.

"Nauyin mol ɗinta huɗu! Hiliyom ce, mai ɗaga balan-balan, za su tashi har su ɓace."

Malamar lissafi, wadda ta shigo aron rula, ta leƙa takardar.

"Malam, ba ka ƙara ɗari biyu da saba'in da uku a kan zafin ba. Ai dokar da ma'aunin Kelbin take aiki."

"Malama, shekarata goma sha tara a wannan aiki. Ki ji da rularki."

Ranar taro ya sa maigadi ya hura balan-balan ɗari da iskar tukunyar, ya zuba a babban kwali. Maigadi ya zo yana sosa ƙeya.

"Malam, waɗannan fa ba sa son sama."

"Baba, in sun ga fili za su tashi."

Iyaye suka cika fili. Malam ya karɓi lasifika ya ce kowa ya ɗaga kai. Aka buɗe kwali, shiru. Aka kifar da shi, balan-balan suka gangaro ƙasa har ƙafar babban baƙo. Wani tsoho da ke ta kallon sama ya ce, "Sun tashi ne? Idona ba ya gani sosai."

Malam ya cilla ɗaya sama da ƙarfi, ya dawo ya sauka cikin kofin shugaba. Fili ya kaure da dariya.

Malamar lissafi ta sake lissafin a bayan takardar gayyata, da ɗari uku a gurbin ashirin da bakwai. Arba'in da huɗu ya fito: iskar kashe gobara ce, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. Washegari shugaba ta karɓe shugabancin sashe daga hannun Malam.

Mai karatu, daɗewa a aiki ba ta hana kuskure. In aka nuna maka gyara, ka duba kafin ka yi musu. Gyaran da ka ƙi a cikin ɗaki, a gaban jama'a za ka karɓe shi.