Hannun Jatau Mai Haƙar Rijiya

A can zamanin da, an yi wani sarki da tsufa ya cim masa, ya yi niyyar naɗa ɗansa Yarima Barmo magaji. Al'adar ƙasar kuwa ita ce, magaji zai miƙe hannu da takobin sarauta, ya riƙe shi a haka har maroƙa su gama kirarin sarakuna goma sha biyu da suka shuɗe. Shi kuwa Yarima, ga gemu ga tumbi, amma ko buta ba a taɓa barin sa ya ɗauka ba. Waziri ya shekara yana ɗura masa jiƙe-jiƙe, hannu na nan kamar dafaffiyar kuɓewa.

Da Waziri ya hango kunya tafe, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai wani Jatau mai haƙar rijiya, damtsensa kamar turmi. A ba shi Yarima kwana arba'in. In takobi ya faɗi, a sare wa Jatau hannun dama." Sarki ya amince. Ba wanda ya tambayi Jatau ko yana so.

Jatau ba shi da laya, ba shi da rubutu, abin da ya sani kawai ya yi. Kullum da hantsi sai ya sa Yarima ya kama reshen tsamiya, ya ja jikinsa sama har haɓarsa ta wuce reshen. Sannan ya dafa ƙasa da tafin hannu, ya miƙe ƙafafu, ya sauke ƙirji ya ɗago. Ranar farko sau uku ya yi, ya kife yana zagi.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, zage ni son ranka, amma ƙara ɗaya."

Kafin kwana talatin Yarima na yin hamsin ba hutawa. Jatau har ya fara cin tuwo da daɗi.

Waziri kuwa abin ya tsaya masa a rai, a ce talaka ya yi abin da ya gagare shi. Ya kai Sarki bayan katanga, ya ce, "Duba, ɗanka ke faɗuwa gaban talaka, goshi har ƙasa, shi kuma yana tsaye yana ƙirgawa." Sarki ya gani da idonsa, bai kuma tambayi kowa komai ba. Jatau na rantsuwa, yana roƙon a kira Yarima, dogarai suka sare hannun. Aka ce wa Yarima wai Jatau ya koma ƙauye.

Ranar naɗi Jatau ya lallaɓo cikin taro, dungunsa naɗe da tsumma. Maroƙa suka fara, yana bin su a zuci yana kuka, har suka kai na goma sha biyu takobi bai ko girgiza ba. Gari ya ɗauki guɗa. Nan Yarima ya hango shi. Da ya ji labari, sai ya tuɓe alkyabba a gaban jama'a, ya dafa ƙasa, ya nuna wa mahaifinsa irin faɗuwar da yake yi gaban Jatau.

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya sa aka warware rawanin Waziri, aka kore shi daga ƙasar. Ya ba Jatau doki da babbar riga, ya ce, "Faɗi abin da kake so kuma."

Jatau ya dubi hannun rigar yana lilo ba komai a ciki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tambaya ɗaya na so a yi mini, tun ran nan kafin a sare hannun."